Direban da Ya Ƙi Shiga Gidan Tunawa

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin waɗanda suka tsira, Tat Bernabé Ixcoy; mai girma magajin garin San Marcelo da 'yan majalisarsa; Fada na cocin kan tudu da Fasto na cocin gangare, waɗanda yau Allah ya zaunar da su a kan benci ɗaya; dattawanmu masu addu'ar gargajiya, da suka turara wannan fili tun hantsi; masana ƙasusuwa da suka taso daga babban birni; iyayenmu mata da aka raba da mazajensu, aka raba da 'ya'yansu, amma aka kasa raba su da wannan ƙasa; malamai da ɗalibai; baƙinmu matafiya, na nan Guatemala da na ƙetaren teku; makaɗan marimba, da suka yi mini alkawarin haƙuri har in gama; jama'ar San Marcelo, maza da mata, na cikin inuwar rimi da na kan katanga: ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku barka da wannan rana.

Na ajiye gaisuwa ɗaya a ƙarshe, domin ita ce mafi nauyi. Nan Micaela Tojín, uwarmu, mai wannan buki, ina gaishe ki. Na ga kina hararata. Na san kin ce kada in yi dogon surutu. Ki yi haƙuri, Nan, shekara ashirin kina magana muna saurare, yau ɗaya ki zauna mu ma mu yi.

Ina gode wa kwamiti da ya zaɓe ni in yi magana a madadin matafiyan da suka taɓa ziyartar wannan gida, a ranar da ya cika shekara ashirin, kuma a ranar da Nan Micaela take ajiye aikin zagayawa da baƙi. Ina gode wa matan da suka shimfiɗa ganye a filin nan, suka dafa abin da ƙamshinsa yake hana rabinku saurarena. Da Tat Bernabé ya aiko mini, na ce masa: Tat, a littafin baƙi akwai farfesoshi, akwai alƙalai, akwai 'yan jarida, me zai sa a kira direban ƙaramar bas? Ya ce: “Chemo, su sun zo sau ɗaya sun shiga. Kai ka zo sau talatin ka ƙi shiga. Labarinka ya fi tsawo.” To, ga ni. Sunana Anselmo, ana ce mini Chemo. Abin da zan faɗa kashi huɗu ne, in Allah ya so kuma makaɗa suka bari.

Na farko, yadda na zo, da abin da ya hana ni shiga.

Na girma a bakin teku, cikin gonakin rake, kuma aikina ɗaukar matafiya. Shekara goma sha uku da suka wuce mai kamfaninmu ya ce an samu sabuwar hanya: ɗalibai da baƙi suna son zuwa wani gari a kan duwatsu, San Marcelo, inda aka gina gidan tunawa da mutanen ƙauyen Pacanul. Na ce masa birkin motata ba ya son gangara. Ya ce a gyara birki. Na ce ni sanyi ba ya yi mini. Ya ce in sayi riga. Ban da sauran ƙarya, sai na zo.

Gaskiyar da ban faɗa masa ba, da ban faɗa wa matata ba, da ban faɗa wa kowa ba, ita ce a Pacanul aka haife ni. Ina ɗan shekara shida ranar Alhamis ɗin nan da masu kaki suka zo da safe, suka tara mutane a makaranta. Ni da mahaifiyata muna rafi muna wanki, abin da ya raba mu da sauran ke nan. Ba zan faɗa muku abin da muka ji daga cikin kwazazzabo ba. Akwai waɗanda suke zaune a nan da suka gani da ido, ni kuwa ji kawai na yi. Mun yi kwanaki muna tafiya har muka samu motar da ke kwasar masu yankan rake. Kafin mu hau, mahaifiyata ta tuɓe rigarta ta saƙa, ta binne ta a gindin itace, ta sa wata tsumma ta 'yan birni. Ta durƙusa ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce: “Daga yau ba mu da gari, ba mu da harshe. Wanda ya tambaye ka, ka ce López ne sunanka.” In na yi kuskure na kira ruwa da harshenmu, sai ta buge mini baki, ta juya ta yi kuka. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Ga ta nan zaune a layin gaba, Dominga, uwata, tana rufe fuska da gyale. Mama, da ba ki buge bakin nan ba, da bai kai yau yana surutu ba.

To kun ga wanda ya riƙa ajiye mota a ƙofar gidan nan. Ina sauke baƙi, in kishingiɗa a kujerata, in rufe fuska da hula. Ita kuwa Nan Micaela, kun san al'adarta: tana da tukunyar kunun masara a bakin ƙofa, domin ta ce ba a barin gidan makoki da ciki wayam. Duk baƙon da ya fito, ko ministan wata ƙasa ne, sai ya sha kafin ya hau mota. Ran farko ta ƙwanƙwasa mini gilashi da ludayi ta ce:

“Direba, motarka ƙafa gare ta? In ka shiga ciki guduwa za ta yi?”

Na ce: “Señora, ina gadin kayan baƙi ne.”

Ta ce: “A garin nan ɓarawonmu ɗaya ne, kuma yana fama da ciwon baya. Sauko ka sha kunu.”

Na sauko na sha. Haka muka shekara biyu. Kowane zuwa da sabuwar tsokana. Yau ta ce na fi mota nauyi, gobe ta ce hular tawa ta girmi jikokin wasu. Ta san sunan matata, ta san 'yata tana son zama ma'aikaciyar jinya, ta san ba na son kirfa a kunu kuma kullum sai ta zuba. Abu ɗaya ba ta taɓa yi ba: ba ta taɓa tambayata dalili ba. Wata rana kawai, tana karɓar kofi daga hannuna, ta ce: “Masu ƙin shiga iri biyu ne, direba, waɗanda abin bai dame su ba da waɗanda ya dame su da yawa. Na farkon ba sa shan kunu.” Ta shige ta bar ni tsaye.

Na biyu, ranar da na shiga.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tawa ranar ta zo a siffar wata tsohuwar malamar makaranta daga Ajantina, Doña Ofelia, wadda ke tafiya a kan keken marasa ƙafa. Wadda ke tura ta ta kwanta da ciwon ciki a masauki, sauran baƙin kuwa duk tsofaffi ne. Kun san matakala uku da ke ƙofar nan. Doña Ofelia ta dube su, ta dube ni, ta ce: “Saurayi, daga ƙarshen duniya na zo. Ba matakala uku ne za su mayar da ni ba.” Me zan ce? Na ɗaga keken, na ce a raina zan tura ta kawai, idona a ƙasa, in ƙirga tayil har mu fito.

Haka na yi a ɗakin farko, inda hotuna suke. Haka na yi a ɗaki na biyu, inda aka ajiye tufafi da takalma da cokula da aka tono tare da mutanenmu. Sai muka shiga ɗaki na uku, ɗakin bango, mai sunaye ɗari da arba'in da uku.

Baƙinmu da ba su sani ba, bari in gaya muku. Nan Micaela ba ta karatu, ba ta rubutu. Amma sunayen nan duka daga bakinta aka rubuta su. Lokacin da ake gina gidan, ta zauna da malamai ta bi Pacanul a cikin kanta, gida gida, daga na bakin gada har na ƙarshen tudu, ba ta tsallake ko jariri ba. A cikinsu akwai mijinta, akwai 'ya'yanta uku. Ita ranar ta sauko gari sayar da albasa. Ta san mazaunin kowane suna a bangon kamar yadda mace ta san mazaunin tukwanenta. Kuma ba ta ce wa baƙo, ga yadda aka kashe wannan. Sai ta ɗora yatsa ta ce: wannan minsharinsa har gada ana ji, wannan ta fi kowa iya rini, wannan da wannan ba sa ga maciji saboda iyakar gona, ga shi yanzu suna maƙwabtaka har abada. Baƙi sukan yi dariya, sai su tsorata da dariyarsu, sai ta ce: “Ku yi, ai mutane ne, ba duwatsu ba.”

Ina tsaye bayan keke, idona a ƙasa, sai na ji ta ce:

“Wannan Gaspar Batz ne, kafinta. Wannan matarsa Dominga, ƙawata. Wannan kuma ɗansu Anselmo, ɗan shekara shida. Ni na riƙe shi ranar baftisma, ya yi mini fitsari a zane. Matsoraci ne na ƙarshe. Wani ɗan talotalona ya taɓa korar sa tun daga ƙofata har cikin rumbun masara, yana ihu kamar an sako damisa.”

Jama'a, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da wannan baki, amma mutum yana iya jure a ce ya mutu, ba ya jure a yi masa ƙarya a gaban baƙi. Sai na ji kaina ina cewa:

“Ba ɗan talotalo ba ne. Ƙato ne, kuma sai da ya tsage mini kunne.”

Nan Micaela ba ta juyo nan da nan ba, yatsanta yana nan a kan bango. Ta ce: “Direba, me ka ce?” Na ƙanƙame mariƙin keken, sai Doña Ofelia ta shafa bayan hannuna ta ce: “Sake ni, ɗana, ba inda zan je.”

Nan Micaela ta tako ta tsaya a gabana. Kun ga tsawonta, da ƙyar ta kai ƙirjina. Ta ce: “Sunkuyo.” Na sunkuya. Ta cire mini hula ta jefar, ta kama kunnena na hagu ta lanƙwasa, ta daɗe tana duban tabon. Ina jiran ta yi kuka, ko ta faɗi, ko ta kira sunan Allah. Sai ta murɗe kunnen, murɗa ta gaske, ta ce:

“Ɗan banza. Shekara biyu kana shan kununa a ƙofa, ni ina kunna maka kyandir a ciki.”

Sannan ta zauna a ƙasa, a kan tayil, ta riƙe ƙafar wandona kamar zan gudu. Da ta samu numfashi, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, ta ce: “Dominga fa?” Na ce: “Tana raye, Nan. Tana sayar da wainar masara a bakin teku.” Ta rufe ido ta ce: “To. To. To.” Sau uku. Daga nan ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta dubi baƙi ta ce: “Ku yi haƙuri, bangon nan yana da kuskure biyu. Mu ci gaba, saura gida goma sha ɗaya.” Kuma ta ci gaba har ƙarshen tudu, ba ta tsallake kowa ba.

Na uku, yadda aka dawo da mahaifiyata, aka kuma binne mahaifina.

Na koma gida na yi mako uku ban faɗa wa Mama ba. In na buɗe baki, sai in ga hannun nan da ya riƙe fuskata a bakin hanya, sai in tambaye ta farashin masara. Da na dawo da wasu baƙi, na gama aikina zan juya, sai na tarar da Nan Micaela a kujerar gaba, da ƙunshi a cinya da kaza a kwando. Na ce: “Nan, ina zuwa?” Ta ce: “Na san ba ka faɗa mata ba. Wanda talotalo ya kora, uwarsa zai tunkara? Tashi mota.”

Awa shida muna gangara. Ta zagi zafi, ta zagi rake, ta zagi tuƙina, ta ce mutanen da ke zaune a irin wannan tanda da gangan ba su da wanda zai ba su shawara. Amma da muka shiga unguwarmu, sai na ga tana gyara ɗaurin kanta har sau biyu.

Mama tana ƙofar gida a gaban murhu. Ta ɗago ta ga rigar saƙa irin ta Pacanul tana saukowa daga motata. Ta dubi maƙwabta hagu da dama, domin tsoro ba ya tsufa, ta ce da Sifaniyanci: “Señora, ban san ki ba. Waina nawa za a ba ki?”

Na ce a raina shi ke nan, na kashe uwata. Amma Nan Micaela ta wuce kai tsaye gaban murhu. Ta ajiye kaza, ta jawo kujera, ta wanke hannu, ta gutsuro ƙullu ta fara tafa waina kamar jiya suka rabu. Ta ɗauki ɗaya daga cikin na Mama, ta juya ta, ta auna ta a tafin hannu, ta ce da harshenmu:

“Komadre, ƙawata, shekara talatin, har yanzu wainarki kamar tafin takalmi. Da wannan kika ciyar da ɗana? Shi ya sa ya yi ƙato babu wayo.”

Mama ta juyo ta dube ta. Sai na ji wata murya ta fito daga bakinta, da kalmomin da rabona da jin su tun ina ɗan shekara shida:

“Taki kuma fa, Micaela, da ake hango rana ta cikinta? Mijinki a gidana yake zuwa ƙoshi.”

Wainar da ke kan wuta ta ƙone ƙurmus ranar, ba wanda ya kula. Na bar su rungume da juna, na koma mota na kifa kaina a kan sitiyari, har ƙaho ya yi ta kuka maƙwabta suka fito. Ku da kuke dariya, ku lura da wannan: tsokana ita ce mabuɗin Nan Micaela. Inda lallashi ya kasa, inda wa'azi ya kasa, ita sai ta taɓa mutum a inda yake raye.

A wannan zaman ne Nan Micaela ta gaya mana cewa an tono ramin bayan makaranta, inda aka zuba mutanenmu, kuma akwai ƙasusuwan da ba a san masu su ba, suna cikin akwatuna masu lamba a ɗakin addu'a, domin babu dangin da suka rage da za a gwada da su. Masana da ke zaune can suka goga mini auduga a cikin kunci domin gwajin dangantaka, abin bai kai minti ɗaya ba. Muka jira wata goma sha huɗu. Ranar da aka kira ni ina kan hanya da baƙi, na tsaya a gefen titi, wata likita ta ce: “Don Anselmo, akwati na ashirin da bakwai mahaifinka ne.” Na gode muku, likitoci. Kun karɓi lamba, kun mayar mana da kafinta.

Mama ta hau duwatsun nan ranar jana'iza sanye da rigar da Nan Micaela ta saƙa mata, suna gardama a kan ko wuyan ya yi faɗi. Muka binne Gaspar Batz a maƙabartar garin nan, da rana tsaka, da marimba, da sunansa a kan allo.

Sai maganar bango ta taso. Wasu a kwamiti suka ce a kankare sunayenmu biyu, domin gidan gaskiya bai kamata ya ɗauki kuskure ba. Wasu suka ce kankara za ta ɓata dutse. Aka yi zama uku ba a daidaita ba. Tat Bernabé ya ce a tambayi masu sunan. Mama, wadda ba ta taɓa magana a gaban taro ba, ta miƙe ta ce: “Ku bar su. Matar da ta bar garin nan da yaronta ba su dawo ba. Wata tsohuwa ce ta dawo da wani ƙaton direba.” Aka bar su, aka zana ɗan koren ganyen masara a gefen kowanne. In kun shiga yau za ku ga ganyen ba biyu ba ne, biyar ne. Bayanmu an samu wata a Meziko, an samu wasu 'yan'uwa biyu a babban birni. Dukansu labari suka ji daga bakin wani matafiyi da ya zo nan, ya koma ya faɗa.

Na huɗu, roƙona, kuma shi ma kashi kashi ne.

Gare ku matafiya. Sau da yawa a mota baƙo yakan matso kusa da ni ya ce: direba, ya dace kuwa mu zo kallon baƙin cikin wasu? Amsata ita ce: in kallo kuka zo, bai dace ba, in gaisuwa kuka zo, kun yi daidai. Ku shigo kamar masu zuwa ta'aziyya gidan maƙwabci. Ku cire hula, ku rage ɗaukar hoto, ku riƙe suna ɗaya ko biyu ku tafi da su gida. Waɗanda suka yi abin nan sun so a ce ba a taɓa yin Pacanul ba. Duk wanda ya hau mota da sunan mutum ɗaya a bakinsa ya ƙaryata su. Kuma ku sha kunun. Ba roƙo ba ne, doka ce.

Gare ku 'yan'uwana da suka gudu, na bakin teku, na birni, na ƙetaren iyaka, waɗanda suka sauya suna, suka sauya riga, suka haɗiye harshe. Na san wasu za su ji wannan ta rediyon gari, wasu ta waya. Ba wanda zai ce muku matsorata; gudu ne ya raya mu. Amma akwai sauran akwatuna goma sha tara a ɗakin addu'a, masu lamba ba suna, suna jiran auduga ɗaya a cikin kuncin wani. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni shaida ne cewa wannan gidan bai bar kowa ba. Motata tana tashi daga bakin teku kowace Asabar, kujerar baya taku ce, kuma ba na tambayar dalili.

Gare ku mutanen San Marcelo. Daga gobe Malama Rosenda Pú ce za ta riƙa zagayawa da baƙi. Na ji gunaguni, kuma gara a faɗe shi a fili: kakanta yana cikin waɗanda masu kaki suka ba sanda da bindiga suka sa su sintiri a wancan lokaci. Nan Micaela ta san wannan fiye da kowa, kuma ita ta zaɓe ta. Shekara uku tana koya mata bangon, gida gida, har da minshari, har da talotalo, abin da ban yafe ba. Da aka yi mata magana ta ce: “In jikokin waɗanda aka kashe kaɗai ne za su riƙe sunayen nan, rabin gari zai manta.” Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimin nan ba zai hango ba. Ku riƙe Malama Rosenda da hannu biyu. Mai girma magajin gari, rufin ɗaki na biyu yana yoyo; na faɗa a gaban jama'a don kada a ce ba a ji ba.

Yanzu gare ki, Nan Micaela. Kwamiti ya yi ta shawarar abin da za a ba ki. Aka ce lambar yabo, kika ce ba a dafa ta. Aka ce kujera mai laushi, kika ce ba ki mutu ba tukuna. Aka aike ni in bincika a hankali. Na same ki kina ɓarar wake, na yi ta kewaye kewaye, kika ce: “Chemo, daina zagaye kamar kare zai kwanta.” Sannan kika faɗa mini abin da, da izininki, zan faɗa wa jama'a. Kika ce:

“Na ji akwai wani gida irin namu a bayan duwatsun arewa, na wasu mutane masu wani harshe. Shekara ashirin ina tsaye a gaba, mai tsayuwa a gaba kuwa ba ta kuka, in ta yi wa zai kai baƙi ƙofa? Ka kai ni can. Kada ka gaya musu ko ni wace ce. In tsaya a baya cikin baƙi, wata ta ɗora yatsa a bango ta faɗa mini nata mutanen, ni kuma in yi kukana yadda nake so.”

Nan, na gyara birki, na wanke mota. Ranar Litinin da safe za mu tashi, ke da Mama da ni. Ba zan gaya musu ko ke wace ce ba. Ki tsaya a baya, ki yi kukanki har ya ishe ki. Mu biyu muna gefenki, kuma ba mai duba agogo.

Allah ya jiƙan mutanen Pacanul, waɗanda aka binne da suna da waɗanda ke jiran nasu. Allah ya sanyaya zukatan iyayenmu mata, ya ƙara wa Nan Micaela lafiyar gwiwa da kaifin harshe. Allah ya riƙa wa Malama Rosenda, ya ba kwamiti haɗin kai, ya ba shugabanninmu kunnen ji. Allah ya sa abin da idon kakanni ya gani, idon jikoki kada ya gan shi, a wannan ƙasa ko a wata. Allah ya ba da damina mai albarka, masara ta yi kai, wake ya yi 'ya'ya. Baƙinmu da suka zo daga nesa, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya, ya tsare ku a kan gangara da kwana, ya sa ku tarar da naku cikin alheri.

Makaɗa, fili naku ne. Jama'a, na gode.